Hular Kwano ta Ranar Baƙi

A garin nan namu na Kano muna sayen kayan kariya na wurin aiki, amma yawanci don idon wani muke saya, jikinmu yana daga baya. Duk babban ginin da ake yi, in ka leƙa ɗan ɗakin langa-langa da mai gadi yake kwana a ciki, za ka tarar da hulunan kwano an kifa wata a kan wata, masu ruwan ɗorawa da farare, ga riguna masu ƙyalli cike da buhu. Suna jiran ranar da ɗan kwangila zai kawo baƙi, ko wani babba zai zo duba aiki da 'yan jarida a bayansa. Ran nan tun da sassafe foman zai raba, kowa ya kifa a ka, a ɗauki hoto. Motar baƙi na fita, sai ya bi ya karɓe yana ƙirgawa, leburori su koma hawa katako da silifas, kwanon kankare a kan gammo.

Wannan magana ta daɗe tana tashi a majalisarmu ta ƙofar masallaci bayan sallar isha'i, don kusan kowa a layinmu da ƙarfinsa yake ci. Muna da mai walda, da birkila, da mai fentin mota, da mai injin niƙa, da wani dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kamfanin fata a Challawa. Muna kuma da Alhaji mai shago a Ƙofar Ruwa, wanda a cikin hajarsa har da hular kwano da safar hannu da takalmin sefti. Shi ya fi kowa sanin cikin kasuwar, kuma ba ya ɓoye mana.

Alhaji ya ce tun daga sallama yake gane mai saye. Manyan kamfanoni, irin na mai da na siminti, da masu shimfiɗa bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, da masu aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, ba sa ma bi ta kansa. Su dillalan Legas da Fatakwal ne suke kai musu, da takardar shaidar gwaji, don suna da ma'aikacin da aikinsa ke nan, kuma masu ba su bashi da masu inshora suna tambaya. Mai zuwa shagonsa shi ne yaron ɗan kwangila, da 'yar takarda a hannu, hula dozin kaza, riga dozin kaza.

"Ban taɓa jin ɗayansu ya ce in ba shi mai ƙwari ba," in ji Alhaji. "Abin da suke tambaya, Alhaji wacce ce ta ƙasa? Wani ma sai ya ce in ba shi ta ƙasan, in rubuta masa kuɗin ta sama a rasit." Sai kuma mai sana'a da yake zuwa da ƙafarsa, shi kuma galibi da bandeji a hannu ko jan ido yake shigowa, bayan mai afkuwa ta riga ta afku.

Birkila ya ce, "To Alhaji, ai ku ma da naku. Ku kuke kawo mana robar da yaro zai iya lanƙwasawa da hannu."

Alhaji bai musa ba. Ya ce, "Malam, ni ɗan kasuwa ne. In na sauke mai kyau, sai ta shekara a shago ƙura tana cinta. A Caina abin da ka biya shi ake ƙera maka. Mai ƙwari tana nan, mai kama da ita tana nan, kai ne za ka zaɓa." Ya kuma tuna mana da batun dala, wadda har tsakiyar 2023 take wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. Kusan duk kayan nan daga waje ake shigo da su. Ɗan kasuwa ya san in ya ninka farashi sau uku ba mai saya, sai ya koma wurin mai ƙerawa ya ce a rage kauri.

Ni a nan na ga tushen abin. Wanda yake biyan kuɗin hular ba kansa ne a ƙarƙashin bulo ba, wanda kansa yake ƙarƙashin bulo kuma ba a tambaye shi ba. Tunda mai biya launi da siffa yake nema, kasuwa ta kawo masa launi da siffa. Hular gaske kuwa aikinta a ciki yake. Akwai ɗamara da igiyoyin da suke riƙe ta sama da ƙoƙon kai, su bar ɗan fili tsakani, ta yadda in abu ya faɗo igiyoyin ne za su shanye ƙarfin kafin ya kai ga wuya. A ƙarƙashin bakinta akan buga wata da shekarar da aka yi ta, domin roba tana tsufa, rana tana busar da ita har ta riƙa tsagewa. Mu da rana take dukanmu shekara zagaye, hular da ta yi shekaru a bayan a-kori-kura ta riga ta gama aikinta ko da ba ta taɓa fashewa ba. Haka takalmi. Na ainihi, ƙarfen da ke bakinsa an gwada shi da nauyin kusan kilo 20 da aka sako daga tsayin mita guda, wasu kuma suna da faranti a tafin don ƙusa. Na bogi yana da baƙin launi da kauri a ido, amma sati biyu a cikin siminti tafin ya rabu da sama. Shi ya sa birkilan da ya san ciwon kansa yake wucewa Ƙofar Wambai ya jira a fasa dilar gwanjo, ya gwammace wanda wani Bature ya sa ya gaji da sabon da ba ya kai wata.

Halin nan ba yau muka fara shi ba. A watan Janairun 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta wa 'yan acaɓa sa hular kwano, mun ga abin da idonmu. Wasu suka kifa ƙwarya suka ɗaure da igiya, wasu bokitin fenti, wasu suka sayi ta magina wadda ba don faɗuwa a kan kwalta aka yi ta ba, har kafafen labarai na ƙasashen waje suka ɗauki labarin daga nan Kano. Fasinjoji kuma suna gudun hular da wani ya sa, wasu don ƙazanta, wasu don jita-jitar asiri. A 2020 ma haka muka yi da takunkumi, yana aljihu ko a haɓa sai an zo ƙofar banki. Duk lokacin da aka ce mu sa wani abu, tambayar da take fara zuwa mana ita ce, wa yake dubawa?

Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne mai walda, don ƙofarsa tana kallon tamu. Mutum ne mai hannu, ƙofofi da tagogin rabin unguwar nan shi ya yi. Amma da tabaran gayu yake aiki, irin wanda ake tallarsa a kan danja, in ma aikin ɗan ɗinki ne sai ya runtse ido kawai ya kau da kai. Ya ce garkuwar fuska tana cinye masa hannu guda, ga ta da duhu, kafin ya ga inda zai ɗora waya sai ya ɗaga. Muka ce to daren da wuta ta shiga idonka fa? Ya yi shiru, don duk layin nan mun san daren. Hasken walda yana ɗauke da wani haske da ido ba ya gani, shi yake ƙona fatar da ta lulluɓe ƙwayar ido. Ba a jin sa nan take, sai bayan sa'o'i, cikin dare, mutum ya farka kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba, ko hasken aci-bal-bal ba ya so. Baƙin tabaran da ba ya tace wannan haske yana iya ƙara ɓarna, domin a cikin duhu ƙwayar ido tana ƙara buɗewa. Gilashin walda na gaske yana da lamba a jikinsa, kuma na waldar lantarki daga 10 yake farawa zuwa wajen 13, gwargwadon ƙarfin wutar.

In dare ya yi haka, mun san abin da muke yi. Wani ya ce a ɗiga madara, wani ya ce a yanka dankali a ɗora, wani ya aiki yaro kemis ya karɓo maganin ɗigawa ba tare da an san me ke cikinsa ba. In ɓarɓashin ƙarfe ne ya faɗa daga giranda, sai a nemo wanda aka ce yana da hannu, ya zo da maganaɗisu ko tsinken ashana. Sai ido ya yi fari sannan a tuna da hanyar asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, lokacin da aikin da za a yi ya ninka. Ina faɗin wannan da ciwo a raina, domin mai walda da ya rasa ido ɗaya ya rasa awon nisa, wanda ya rasa biyu kuwa iyalinsa ne suka rasa abinci.

Sai maganar madara, wadda a kanta aka fi yin gardama. Mai fentin mota ya rantse da ita. Ya ce tun yana yaron shago maigidansa yake sa a sayo gwangwani bayan an gama feshi, a sha ta wanke ƙirji. Mai walda ma haka yake yi in ya yi aiki da ƙarfe mai farin shafi. Wani yaronmu da yake karatun aikin jinya ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, madara ciki take tafiya, hayaƙi kuma huhu. Hanyarsu ba ɗaya ba ce." Ya kuma gaya mana cewa tun 2017 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. Mai fenti ya ce shi ai yana ɗaura hankici. Hankici yana tare ɗigon fenti, ba ya tare tururin tinna. Wannan sai takunkumin roba mai gwangwanaye biyu da gawayi a ciki, su ma ana canza su in sun cika. Kuɗin madarar da yake sha a wata, in ya tara, ya kama hanyar sayen abin da zai yi masa amfani. Amma madara ana jin ta a baki, ana ganin an yi wani abu, shi kuwa gawayin ba mai ganin aikinsa.

Mai injin niƙa bai sa baki sosai ba, don rabin hirar ba ya ji. Kowa a unguwa ya san sai an ɗaga masa murya, mata ma in za su aiki yaro niƙa sai su ce ka faɗa masa da ƙarfi. Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85, in mutum yana yini a cikinta kullum, tana cin kunne, kuma alamar da kowa zai iya gwadawa ita ce, in sai ka yi ihu sannan na kusa da kai zai ji, an wuce wurin. Jin da ya tafi ta haka ba ya dawowa. 'Yar robar toshe kunne tana cikin mafi arahar kayan shagon Alhaji, amma ya ce kwalin da ya sauke har yau bai ƙare ba.

Dattijon Challawa ne ya hana mu ɗora wa masu gida laifi duka. Ya ce, "'Ya'yana, ku faɗi gaskiya. A zamaninmu kamfani yakan raba mana takalmin ruwa da safar hannu mai tsawo har gwiwar hannu, don muna shiga cikin farar ƙasa da asid da sinadarin jima. Kafin wata ya ƙare, da yawanmu mun sayar a bakin ƙofa mun sayi hatsi." Ya miƙo hannuwansa muka ga yadda fatar ta dawo. Ba wanda ya iya ce masa komai, don mun san mutumin da ya sayar da takalminsa ba wawa ba ne, yunwar yau ce ta fi ƙarfin ciwon da zai zo bayan shekara goma. Duk mai son gyara kasuwar nan sai ya san da wannan, in ba haka ba zai raba kaya da safe ya tarar da su a kasuwa da yamma.

Hirar maza ce, amma na ce kada mu manta da cikin gida. Yanzu kusan kowace unguwa akwai matan da aka koya wa haɗa sabulun ruwa da na wanki, suna kwaɓa soda da hannu a tsakar gida, yara na wasa a gefe, ba safa ba tabarau, soda kuwa ɗigo ɗaya ya isa ya lalata ido. Matan da suke tankaɗen riɗi da gyaran zoɓo a Dawanau, gefen mayafi suke ja su rufe hanci su yini a cikin ƙura. In ma sun tashi saye, safar da ke kasuwa ta hannun ƙato ce, tana zamewa, sai a cire a ajiye. 'Yan uwanmu manoma a Kura da Kadawa kuma suna goya injin feshi yana ɗiga musu a baya, in bakinsa ya toshe a hura da baki, a gama a ɗauraye robar maganin a zuba ruwan sha ko man gyaɗa. Maganin ciyawar nan paraquat, Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2007, kuma ba shi da makari in ya shiga ciki.

Wanda yake ganin abin na mai sana'a ne shi kaɗai, ya tuna Zamfara. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, har aka rasa sama da 400. Gubar dalma ce daga dutsen zinariya. Iyaye ne suke kawo dutsen gida a daka a niƙa, ƙurar ta bi ƙasa ta bi abinci, wasu kuma a jikin rigunansu suke shigowa da ita su ɗauki jariri. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana jinyar yaran da suka rayu, sannan a 2015 irin wannan ya sake faruwa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja. Daga cikin abin da aka koya wa masu haƙar daga baya har da su jiƙa dutse kafin niƙa, su yi wanka a wurin aiki, su bar kayan aiki a can. Wannan ya shafi mai fenti da makanikin da yake fasa batir da mai feshi, duk wanda yake dawowa gida da rigar da ya yini a cikinta, matarsa ta wanke da hannu tare da kayan yara. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ne suke mutuwa duk shekara saboda aiki, kuma mafi yawansu, wajen miliyan 2.6, cuta ce take kashe su sannu a hankali. Faɗowa daga bene muke tsoro don ana gani ana salati, amma ƙura da hayaƙi sun fi kisa.

Birkila yana da hujjar da ban iya ture ta ba. Ya ce, "Kai da kake rubutu a inuwa, ka taɓa sa takalmin ƙarfe da rigar roba a watan Afrilu a kan dakin?" Gaskiyarsa. Lokacin bazara zafin Kano yana haura digiri 40, kuma yawancin kayan nan an yi su ne don ƙasashen sanyi. Takalmin gwanjo wani har da gashi a cikinsa. Riga mai ƙyalli ta roba ce, ba ta shan gumi. Tabarau yana yin hazo kafin ka ɗora bulo uku. Ga kuma aikin jinga, wanda iya abin da ka yi iya kuɗinka, duk abin da ya rage maka sauri ya rage maka abinci. Kayan da ba za a iya yini da su ba, ba za a sa su ba, ko da kyauta aka bayar. Amma wannan hujja ce ta neman kayan da suka dace da mu, kuma abin takaici ba mu ma nema, don ba mu taɓa ɗaukar kanmu masu saye da za su ce ga irin wanda suke so ba.

Daga nan sai maganar ta faɗa inda take faɗawa kullum. Wani ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wani ya ce shekara talatin yana hawa gini ko ƙwarzane bai taɓa yi ba. Liman, da yake zaune yana jin mu, ya ce, "Ku da kuke faɗin haka, akwai wanda yake barin shagonsa a buɗe ya tafi gida?" Babu. Mai walda kwaɗo biyu yake sa wa janaretarsa, da sarƙa. Liman ya ce jiki amana ne, za a tambaye mu a kansa, kuma riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, cikinsa yake. Ya ƙara da cewa maigidan da ya sa ɗan mutane aiki mai haɗari ba tare da ya tanadar masa kariya ba, alhali yana da hali, ya shirya amsar da zai bayar. A nan majalisa ta ɗan yi tsit, don da yawanmu muna da yara a ƙarƙashinmu.

Doka ma tana nan. Dokar masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai kamfani samar da safar hannu da takalmi da tabarau da abin rufe kai inda aikin yake buƙata, da kuma kula da su. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun da hukumar NSITF take riƙewa, don wanda ya ji rauni ko ya mutu a bakin aiki. Hukumar SON ita take da alhakin duba ingancin kayan da ake shigowa da su da waɗanda ake ƙerawa a gida. Amma da na zagaya da ido a majalisa, ba mutum ɗaya da yake da takardar ɗaukar aiki. Leburan da ake ɗauka a bakin titi da safe a sallame shi da yamma, ba ya cikin littafin kowa. In ya faɗo, abin da muka saba shi ne a kai shi wurin mai ɗori, mai gini ya aiko da wani abu a ambulan, a ce Allah ya kiyaye gaba, a yafe. Iyalinsa ma ba su san akwai abin da ya wuce haka ba.

Abin da ya fi ba ni haushi a duk kasuwar nan shi ne, da yawa daga cikin kayan muna iya yin su. Safar mai walda da rigar gabansa da abin rufe ƙafa duk fata ce, kuma Kano garin fata ne tun kaka da kakanni. Kamfanonin Challawa da Sharaɗa suna jeme fata a fitar da ita zuwa Italiya da Sifen, dukawanmu suna nan suna ɗinka jaka da takalmi, amma safar walda daga waje muke jira. Telolinmu da suka cika gari da takunkumi cikin 'yan makonni a 2020 za su iya ɗinka kayan aiki na auduga mai kauri da yake shan gumi, a girman maza da na mata. Mutanen Aba a kasuwar Ariaria sun daɗe suna yin takalma masu nauyi. Gilashin walda da matatar takunkumi da hular kwano, waɗannan ba aikin tela ba ne, sai an gwada su a injin, kuma a nan ne ya kamata hukuma ta tsaya da ƙafarta a tashar jiragen ruwa. Alhaji ya ce shi a shirye yake ya ba baduku aiki gobe, in dai akwai wanda zai ce masa ga mutum ɗari da za su saya. Ƙungiyoyin sana'a da muke da su, na masu walda da magina da makanikai, kuɗin wata suke karɓa don biki da rasuwa da sasanta rigima. Da za su haɗa kai su yi sari ɗaya, da sun samu mai kyau a farashin da ɗaiɗaikunsu ba za su taɓa samu ba, kuma da mai kawowa ya ji tsoron kawo musu jabu.

Ranar da maganar ta fi zafi ita ce ranar da aka taɓo yaran shago. Dukanmu mun san yadda ake yi. Uba ya kamo hannun ɗansa mai shekara goma sha biyu ya kai shi wurin mai sana'a, ya ce ga shi nan amana, a koya masa, in ya yi ba daidai ba a hukunta shi. Ba ya tambayar da me zai rufe idonsa. A shagon walda, in ma akwai gilashi guda ɗaya, na maigida ne. Yaron shi yake riƙe ƙarfen, fuskarsa ta fi ta kowa kusa da wutar, an ce masa ya kau da kai kawai. A gareji kuma shi ake turawa ƙarƙashin motar da take kan jak ɗaya, shi yake wanke hannu da fetur, shi yake zuƙo mai da tiyo a baki. Abin da ya gani yana yaro shi zai yi in ya buɗe nasa shagon, kuma zai ce haka ya tarar.

Mai walda ya ce yaransa shida ne, ba zai iya saya wa kowa ba. Dattijon Challawa ya ce, "Ɗana, ba duka shidan suke riƙe ƙarfe lokaci ɗaya ba. Sayi guda biyu ka rataye a ƙusa, wanda zai riƙe ya ɗauka." Liman ya kawo shawarar cewa duk uban da zai kai ɗansa koyo daga layin nan, ya haɗa da gilashi ko safa ko takalmi a cikin abin da yake kaiwa, yadda yake haɗawa da goro. Alhaji ya ce in mutum goma suka rubuta suna zai sauke mai lamba a jiki ya ba su a farashin sari, a biya shi kaɗan-kaɗan. Mai fenti ya fara ba da sunansa, mai walda ya bi.

Birkila ne bai ba da nasa ba. Ya ce shi ba shi da shago, ba shi da yaran dindindin, leburorinsa yau suna wurinsa gobe suna Hotoro jibi suna Rijiyar Zaki. In ya saya musu takalmi sun tafi da shi, in ya ce su saya kuɗin yininsu bai kai ba, mai gini kuma in ka sa masa a lissafi sai ya kira wani birkilan. Alhaji ya ce a riƙa ba da haya, liman ya ce a sa wa mai gini a cikin kuɗin jinga tun farko kuma duk magina su tsaya a kan haka, dattijo ya ce ba za su tsaya ba. A kan wannan ake har yanzu, kuma birkila ya ce zai kai maganar taron ƙungiyarsu na ƙarshen wata.